Yadda nake zana duniyar teku da tsibirai don labarin ƙirƙira

Taswirar farko da na zana wa labarina, a bayan kwalin kalanda na yi ta. Tsibirai goma sha bakwai ne, kowanne na ƙawata masa gaɓa, sauran filin kuma na shafe shi da shuɗin fensir. Da hutu ya zo na tafi da ita Yawuri wajen kawuna, mutumin da ya haura shekara arba'in yana tuƙa kwale-kwale a Kwara. Ya karɓa, ya juya ta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan shuɗin.

"Ɗan nan, ruwan nan ina ya nufa?"

Na ce, "Kawu, ai teku ne, ba kogi ba."

"Ko teku ne ai yana da inda ya sa gaba. To, wanda zai tashi daga nan zuwa nan, a wane wata zai tashi?"

Ban da amsa. Tsibirai na zana, tekun kuwa ban taɓa shi ba, fenti kawai na shafa. Tun daga ranar na sake zana wannan duniya sau huɗu, na raɗa mata suna Shuɗiya, kuma tsarin da zan bayyana a nan shi nake bi yanzu. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai rubuta labarin jarumai da aljanu, idan labarinka zai shiga ruwa, gwada shi.

Yawancinmu 'yan tudu ne. Ni kaina sai da na shekara 27 na fara ganin teku a Legas. Shi ya sa idan muka kai jarumi bakin ruwa sai mu ce "suka yi tafiyar kwana arba'in a teku", mu wuce. Alhali muna da ilimin da ya yi kusa da na matuƙa, domin kakanninmu sun san Sahara. Ayarin gishirin da ke ratsa Tenere daga yankin Agadas zuwa Fashi da Bilma ba ya tashi duk ran da ya ga dama. Kaka yake jira, wajen watan Oktoba, kuma abin da madugu ke ƙirgawa rijiyoyi ne da kwanakin da ke tsakaninsu. Ɗauki tekunka a matsayin hamada, tsibiranka a matsayin rijiyoyi, rabin aikin ya zo da sauƙi.

Ma'auni kafin komai

Nemi littafin lissafi mai gida-gida, fensir, kilina, jan biro da shuɗi. Kada ka auna duniyarka da kilomita, auna ta da kwana. A wajena gida ɗaya tafiyar yini da dare ce ta jirgin ƙyalle idan iska tana bayansa ko tana gefensa, wato wajen kilomita 150. Raƙumi mai kaya kan yi 35 zuwa 40 a yini, ka ga jirgi ya ninka shi kusan sau huɗu. Idan kuma iskar a gaba take, gida ɗaya sai ya ci kwana uku ko huɗu, saboda dole jirgin ya riƙa karkata dama da hagu kafin ya ɗan matsa. Rubuta wannan ƙa'ida a saman takardar, kada ka saɓa mata ko da labari ya matsa maka.

Sai ka ja layi ɗaya a kwance, shi ne layin Ikwaita, ɗamarar duniya inda zafi ya fi yawa. Ba dole ya ratsa tsakiyar takarda ba. Nawa yana can ƙasa, don ina son yawancin tsibiraina su kasance arewa da shi. Nisa daga Ikwaita da digiri ake auna shi, digiri ɗaya kuma wajen kilomita 111 ne, saboda haka daga Ikwaita zuwa digiri 30 gida 22 ke nan. Ja layi na biyu a wurin.

Iska

A nan nake ɓata mafi yawan lokaci, kuma nan nake roƙon ka daɗe. A duniyarmu, tsakanin Ikwaita da wajen digiri 30, iska daga gabas take tasowa, tana ɗan karkata zuwa Ikwaita. A arewa takan zo daga arewa maso gabas, a kudu daga kudu maso gabas. Ka san ta, ita ce iskar hunturu da ke kawo mana hazo, sai dai ita ta biyo ta Sahara ne maimakon ruwa. Daga digiri 30 zuwa wajen 60 kuma iska daga yamma take busawa, da ƙarfi da hadari. A kan Ikwaita, inda iskokin gabas biyu ke haɗuwa, akwai wani zirin da iska ke mutuwa, zafi ya yi nauyi, ruwan sama ya riƙa saukowa kamar da bakin ƙwarya, jirgin ƙyalle kuwa ya yi kwana da kwanaki tsaye wuri ɗaya. Zana duka ukun da kibiyoyin jan biro.

Da zarar kibiyoyin sun hau takarda za ka ga abin da kawuna yake nufi: hanyar zuwa daban, hanyar dawowa daban. Daga 1565 zuwa 1815 jiragen Sifaniya suna kai da kawowa tsakanin Akafulko a Meksiko da Manila a Filifin. Zuwa Manila, iskar gabas tana bayansu, tafiyar wajen wata uku ce. Dawowa kuwa sai sun hau arewa har kusa da Japan sun kamo iskar yamma, ta kai su gaɓar Kalifoniya, sannan su gangaro kudu, abin da kan ci wata huɗu zuwa shida. Kafin Andres de Urdaneta ya bi wannan zagaye a 1565, waɗanda suka yi ƙoƙarin komawa kai tsaye iska ce ta riƙa mayar da su. A labari, wanda ya san hanyar dawowa ya riƙe sirrin da sarki zai ba da 'yarsa a kansa.

Akwai kuma iska mai juyawa. Idan da babbar ƙasa kusa da teku, lokacin zafi ƙasar kan yi zafi fiye da ruwa, sai ta janyo iska zuwa kanta, lokacin sanyi kuma iskar ta koma. Haka muke samun damina, iska ta juyo daga kudu maso yamma da danshin Tekun Atlantika. A Tekun Indiya wannan juyi shi ya gina garuruwa. Iskar da Suwahilawa ke kira Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba har Maris, ta kawo jiragen Oman da Indiya zuwa Lamu da Mombasa da Zanzibar. Daga wajen Afrilu kuma Kusi ta taso daga kudu, ita ce mai mayar da su gida. Bafatake ya zo ke nan, ba shi da ikon komawa sai iska ta juya. Zai kama ɗaki, ya ci bashi, ya koyi harshe, wataƙila ya yi aure. Yawan kalmomin Larabci a bakin Suwahilawa yana da nasaba da irin wannan zama.

A Shuɗiya na sa babbar ƙasa a gefen gabas maso arewa na takarda, tana juya iska wata huɗu a shekara. Babbar tashar jirage ta duniyar sunanta Majira, don a can ake jiran juyin. Da yawa daga cikin rigingimun labarina a wannan jira suka samo asali.

Idan kana son sihiri ya taɓa iska, ba laifi, ai labarin ƙirƙira ne. Amma ka san ƙa'idar da kake karyawa, kuma ka bi sawun abin da zai biyo baya. Boka ɗaya mai iya kiran iskar yamma ba a lokacinta ba zai karya farashin kaya a kasuwa uku, masu gidajen baƙi na Majira kuma za su so ganin bayansa.

Gudun ruwa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, tunda iska ce ke tura ruwa. Da shuɗin biro zana babban zagaye a kowane ɓangare: arewa da Ikwaita ruwa yana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, kudu da shi kuma akasin haka. Gefen yamma na teku yana ɗaukar ruwan ɗumi ya yi nesa da Ikwaita da shi, gefen gabas yana kawo ruwan sanyi. Inda ruwan sanyi ke bin gaɓa, ƙasar kan bushe, hazo ya yi yawa, kifi kuma ya cika ruwan. Haka gaɓar Namibiya take, haka Muritaniya, haka Peru. Idan kana neman mutanen da suke da kifi har ya yi musu yawa amma ruwan sha sai sun saya, nan ne gidansu.

Yanzu sai tsibirai

Wasu kan watsa shinkafa ko wake a kan takarda su zagaye inda ya taru. Yana ba da siffa mai kyau, amma ba ya ba da dalili. Tsibiri yana da uwa, kuma uwarsa ce ke faɗa maka inda zai zauna da abin da za a samu a kansa.

Na farko shi ne ɗan dutse mai aman wuta. Irin waɗannan ba sa warwatsuwa, jeri suke yi. Buɗe taswirar Afirka ka dubi kusa da mu: Dutsen Kamaru a bakin gaɓa, sai Biyoko, sai Firinsife, sai Sawo Tome, sai Annobon, duk a miƙe kamar an ja igiya zuwa kudu maso yamma. A Hawai jerin har yana nuna shekaru. Akwai wata maɓuɓɓugar wuta a ƙarƙashin teku da ke nan wurinta, ɓawon ƙasa kuma yana wucewa ta kanta zuwa arewa maso yamma, santimita 7 zuwa 10 a shekara, kamar a riƙa jan takarda a kan kyandir tana huda ta bi da bi. Tsibirin da ke kan wutar yanzu shi ne ƙarami a shekaru, babba a jiki, kuma har yau yana aman wuta. Tsibirin Kauai, wanda ke can gaba a jerin, ya kai wajen shekara miliyan 5, ruwan sama ya zaftare shi ya yi kwazazzabai masu zurfi. Wasu jerin kuma lanƙwasa suke yi kamar baka, irin na Indunusiya da Japan, kuma waɗannan su ne masu yawan girgizar ƙasa.

Na biyu shi ne zoben murjani, kuma shi ne wanda na fi ƙauna. Murjani wasu ƙananan halittu ne da ke gina katangar dutse a ruwa mara zurfi kewaye da tsibiri. Tsohon dutsen wuta yana nitsewa a hankali, su kuwa suna ƙara gini sama don su kasance kusa da hasken rana. A ƙarshe dutsen ya ɓace gaba ɗaya, ya bar zoben katanga da 'yan tsibiran yashi a kanta, da tafki a tsakiya inda dutsen yake a da. Charles Darwin ne ya kawo wannan bayani a 1842, kuma sai a 1952 aka haƙa zoben Enewetak a Tekun Fasifik, aka ratsa murjani fiye da mita 1,200, aka tarar da dutsen wuta a ƙasa. Ƙasar Maldib duk irin wannan ce: tsibirai kusan 1,200 a zobba 26, kuma tudun da ya fi tsawo a cikinsu 'yan mitoci ne kawai sama da ruwa.

Haɗa waɗannan biyun, ka samu jeri mai tarihi a jikinsa. Nawa ya fara daga Uwar Hayaƙi a kudu maso gabas, baƙin dutse mai ƙasa mai albarka da tsoron wuta, sai 'Yan Uku, sai Tsohuwa mai kwazazzabai da katangar murjani kewaye da ita, sai can ƙarshe Zobba. Mutanen Zobba suna da waƙar da ke cewa kakanninsu a kan dutse suka zauna, dutsen kuma yana nan a ƙarƙashin tafkinsu. Mutanen Tsohuwa suna musu dariya, ba su san waƙar tana ba da labarin gobensu ba.

Murjani yana da sharuɗɗa. Yana son ruwan da ɗuminsa bai gaza digiri 18 ba, garau, mara laka. Saboda haka kada ka sa shi inda ka zana ruwan sanyi. Kuma ba ya girma a bakin kogi, don ruwan daɗi da laka suna kashe shi, shi ya sa katangar kan bar giɓi daidai inda kogi ya faɗa teku. Wannan giɓi shi ne ƙofar da jirgi ke shiga, kuma a nan za ka sa tasha da gari da hasumiyar tsaro.

Na uku shi ne ɓangaren babbar ƙasa da ya ɓalle tun fil azal, kamar Madagaska da Sokotra. Yana da tsofaffin duwatsu da ma'adinai, wani lokacin da manyan koguna, da dabbobi da itatuwan da ba a samun irinsu ko'ina. Guda ɗaya ko biyu sun isa. Nan ne gidan dodanninka idan kana son su zama abin yarda.

Kada ka manta da irin namu na ruwan daɗi. Gungu, tsibirin cikin kogi, daga shi sunan Gungawan Yawuri ya fito, waɗanda aka tayar da yawancinsu daga gungunansu lokacin da dam ɗin Kainji ya cika a 1968. A Tafkin Chadi kuma Buduma suna zaune a tsibirai da jiragen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, da shanun Kuri masu kumburarren ƙaho da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Waɗannan ba sai ka ƙirƙira ba, suna nan, kuma bakin babban kogi a duniyarka zai karɓi irinsu.

Ruwan sha

Tsibiri mai dogon dutse yana tare iska. Iskar ta hau dutse, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gefen da ta buga, ta sauka ɗaya gefen a bushe. A babban tsibirin Hawai, garin Hilo da ke gabas yana samun fiye da milimita 3,000 na ruwan sama a shekara, Kawaihae da ke bayan dutse kuma ba ya kai 300, alhali tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Kwatanta da Kano mai samun wajen 900. Tsibiri ɗaya ke nan yana da kurmi a fuska, yana da sahel a ƙeya. Shafa kore a gefen da jan kibiyarka ke bugawa, launin ruwan ƙasa a ɗaya gefen. Manoman rake da ayaba a kore, makiyaya da masu shanya gishiri a busasshe. Tasha kuwa ta fi son gefen da dutse ya kare daga iska da igiyar ruwa, kamar yadda Honolulu take, don haka sau da yawa gari yana inda ruwa ya yi ƙaranci, abinci yana ɗaya gefen, kuma akwai hanyar da ke ratsa dutse tsakaninsu da wani zai so ya tare.

Koguna daga dutse suke gangarowa zuwa teku, suna haɗuwa da juna a hanya. Kogi ba ya ratsa tsibiri daga teku zuwa teku. A taswirata ta farko har guda biyu na yi haka.

Zoben murjani ba shi da kogi ko ɗaya. Ruwan saman da ya nitse cikin yashi yana taruwa ya yi iyo a kan ruwan gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi, kamar mai a kan miya. Idan wannan ruwa ya ɗaga mita ɗaya sama da matakin teku, to yana da wajen mita 40 a ƙasa, amma a ƙaramin tsibiri ɗagawar 'yar kaɗan ce. Rijiya a nan gajeriya ake yi. Wanda ya zurfafa, ko ya ja fiye da ƙima, gishiri zai janyo. Guguwa ɗaya da ta watso teku kan tsibirin tana iya ɓata rijiyoyi na watanni. A Zobba mai kula da rijiya ya fi sarkin yaƙi daraja, kuma mafi munin laifi shi ne jan ruwa da dare.

Yi wa jirginka lissafi ma. Mutum 30, kowa lita 3 a yini, kwana 20, lita 1,800 ke nan, jarka 72 ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Wannan nauyi yana cin wurin kayan sayarwa. Saboda haka na ƙayyade cewa jirgin fatauci a Shuɗiya ruwan kwana 20 yake ɗauka, ba ƙari.

Yadda ake gano tsibiri

Mutumin da idonsa ke mita 2 sama da ruwa, iyakar ganinsa wajen kilomita 5 ce, daga nan duniya ta lanƙwashe. Ga lissafin da nake yi: ɗauki tsawon abu da mita, nemo lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan tsawo, sai ka ninka ta sau uku da rabi. Bishiyar kwakwa mai mita 25 ke nan ana hango kanta daga wajen kilomita 18, dutse mai mita 1,600 kuma daga wajen 140 idan sama ta washe. Dogon tsibiri ana ganinsa tun ana saura tafiyar yini, zobe kuwa jirgi zai iya wuce shi da dare ba wanda ya sani.

Matuƙan Fasifik sun san wannan, shi ya sa suke karanta wasu alamu. Girgije yakan tsaya cik a kan tsibiri sauran suna wucewa, wani lokaci cikinsa ya ɗan yi kore saboda hasken tafkin zobe. Akwai tsuntsayen da ke fita kamun kifi da safe su koma tudu da yamma, don haka inda suka nufa da magariba nan ƙasa take. Igiyar ruwa tana lanƙwasa idan ta bugi tsibiri, kuma mutanen tsibiran Mashal har taswirarta suke yi da tsinken kwakwa da ƙananan kwanson teku. A 1976 Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal, ya ja jirgin Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, wajen kilomita 4,000, cikin kusan wata guda, ba kamfas ba taswira. Larabawan Tekun Indiya, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15, suna auna tsayin tauraro daga bakin ruwa da yatsa, da wani ɗan allo mai igiya da ake kira kamal. Mu ma muna da Kaza da 'ya'yanta da Gamzaki da Zara. Ba wa duniyarka taurari uku ko huɗu masu suna, ka faɗi wanda ke fitowa saitin wane tsibiri, matuƙinka zai samu abin faɗa.

Cikowa da janyewar ruwa kuma aikin wata ne. A yawancin gaɓoɓi sau biyu yake yi a yini, kullum yana jinkirta wajen minti 50, ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A mashigin Fundi na Kanada bambancin kan kai mita 16, a yawancin Bahar Rum kuwa ko rabin mita ba ya kaiwa. Ƙofar murjanin Majira babban jirgi ba ya shigarta sai ruwa ya ciko, saboda haka kowane ɗan garin ya san kwanan wata ba tare da tambaya ba.

Me kowa ke nema a wajen kowa

Rubuta a gefen kowane tsibiri abu biyu: abin da ya yi masa yawa, da abin da ba shi da shi. Zobe ba shi da ƙarfe, ba dutsen niƙa, ba hatsi, amma yana da igiyar kwakwa da busasshen kifi. Kada ka raina shi. Wuri, ɗan kwanson ruwan nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, mafi yawansa daga Maldib ya fito. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can a shekarun 1340, ya ba da labarin yadda suke tara shi su musanya da shinkafar Bengal. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. 'Yan tsibiran da ba su da tudu, ga shi kwanson bakin ruwansu ya zama sadakin aure a Kano da Katsina. Kanumfarin da ke cikin kunun gidanmu ma asalinsa 'yan ƙananan tsibirai ne na Maluku, irin su Tarnate da Tidore, waɗanda Fotugal da Sifaniya da Holan suka yi ta gwabzawa a kansu, kafin a dasa shi a Zanzibar da Pemba a ƙarni na 19.

Sai ka duba inda hanyoyi suka matse. Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya, faɗinta wajen kilomita 30 ne, kuma duk jirgin da zai shiga daga kudu sai ta nan. Nawa mashigin sunansa Maƙoshi, tsakanin biyu daga cikin 'Yan Uku, kuma masarautar da ke karɓar kuɗin fito a wurin ba ta noma ko zangarniya.

Wajen suna, bar mutanen su raɗa da kansu, daga abin da suke gani ko suke tsoro. Kuma ba wa muhimman wurare suna biyu, na 'yan gida da na baƙi. Waɗanda muke kira Gungawa su Reshe suke kiran kansu, Buduma kuma Yedina.

Gwaji

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, ɗora wa wani bafatake kaya ka bi shi da fensir gida-gida, kana ƙirga kwana da jarka. Nawa ya tashi daga Majira da gero da sandunan ƙarfe zuwa Zobba, gida 11 yamma maso arewa, iskar gabas a bayansa, kwana 11. Ciniki ya ja shi, iskar juyi ta zo ta wuce yana can. Ya dawo kai tsaye da iska a gaba, kwana 44 ne, ruwansa na kwana 20. Ya zagaya ta arewa kuma, gida 12 sama, 13 gabas da iskar yamma, 12 ƙasa, kwana 37. Ta ko'ina ya bi ƙishirwa za ta kashe shi a tsakiya, gaɓar babbar ƙasar kuma ta wannan gefen hamada ce.

Sai na ɗiga wani ɗan dutse a kan hanyar arewa, daidai kwana na 19, tsohon dutsen wuta da ya saura shi kaɗai, mai maɓuɓɓuga guda a cikin kogo, na sa masa suna Randa. Ba ya noma, ba ya kiwo, mutanensa ba su kai ɗari uku ba, sai tsuntsaye da sanyi. Daga can zuwa Majira saura kwana 18, ruwan jirgi ya isa har da rarar kwana biyu. Yaƙin da ke littafina na biyu a kan kogon nan ake yinsa.